Albasa Ɗaya a Gindin Buhu

Duk wanda ya san gadar Malanbil kafin Yulin 2023 ya san wurin da ba ya barci. Manyan motocin da suka taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, bayan tafiyar fiye da kilomita 700, a nan suke jeruwa kafin su haye kogin Kwara zuwa Gaya, daga can su nufi Doso da Yamai, wasu su karkata gabas zuwa Konni da Maraɗi. Ga ƙugin injin, ga ihun yaran mota, ga masu shayi da masu tsire, ga 'yan dako suna cacar baki a kan buhu guda. Sai sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, bayan kwana huɗu ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar kwantenonin da ta gindaya a kan gadar. Wata safiya na tsaya a bakin gadar nan, ban ji komai ba sai kukan tsuntsaye da motsin ruwa. Babu harbi, babu zagi, babu mai ɗaga wa wani murya. Amma a duk faɗin garin ban haɗu da mutum ɗaya ba, Musulmi ko Kirista, da ya kira wannan shirun zaman lafiya. Kowa ya san shirun yunwa ne.

Fataucin hatsi ke kai ni Malanbil. Kasuwar a ƙarshen mako take cika, saboda haka Lahadi takan riske ni a can, ni kuwa ba na son Lahadi ta wuce ban yi sujada ba. Akwai wata 'yar majami'a da nake zuwa, ginin bulo da rufin kwano, bencinta bai kai talatin ba. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi ɗariƙarta ba, domin mutanenta suna raye, kuma na ci tuwon gidajensu. Garin na Dendawa ne, waɗanda suke kiran wurin Tasi tun kafin Faransawa su laƙaba masa sunan Malan, gwamnansu na Dahome, kuma yawancin jama'arsa Musulmi ne. Kiristocin da ke cikinsa galibi nema ne ya kawo su. A bencin gaba za ka ga ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa daga kudu, Fon da Yarabawa da Ibo, masu jin Faransanci. A baya kuwa masu jin Hausa ne: mutanen wajen Maraɗi da Dogon Dutsi, mutanen Zuru da Yawuri da suka biyo ta Kamba, da ɗaiɗaikun Dendawa da Bargawa. 'Yan dako, matan direbobi, gwauraye. Ba wanda ya taɓa tsara wannan zama, haka kowa ya taso ya tarar. Fasto yana wa'azi da Faransanci, wani saurayi tela, ɗan Gaya, yana tsaye gefensa yana mayarwa da Hausa. Idan an gama addu'a sai kowa ya miƙe, a bi juna ana gaisawa hannu da hannu, ana cewa salamar Ubangiji ta kasance tare da kai.

Da aka rufe iyaka, na baya ne suka fara ji a jikinsu. Ɗan dako ba shi da rumbu, abin da ya ɗauka yau shi gidansa zai ci da dare. Matan direbobi suna nan, mazajensu sun maƙale da motoci, wasu a wannan haye wasu a wancan. Sai Allah ya taɓa zuciyar wata ikkilisiya 'yar'uwa a kudu, ta aiko da kuɗi masu kauri, da wasiƙa mai cewa a sayi masara da shinkafa a raba wa mabukata, a fara da gwauraye. An karanta wasiƙar a gaban jama'a. Telan nan ne ya fassara ta, har da adadin kuɗin, mata suka yi guɗa.

Ma'ajin ikkilisiya dattijo ne mai mutunci. Shi ya sayi rabin kwanon da ke kan majami'ar da kuɗin aljihunsa, kuma ban taɓa jin an ce ya ci ƙwandalar wani ba. Yana da suruki mai fataucin albasa, wanda motarsa ta maƙale a hayin Gaya da kaya cike. Surukin ya zo masa da kuka: a ranta masa abin da zai biya 'yan kwale-kwale su hayo da buhunan, ya ɗauki hayar wata mota a wannan gefe, cikin mako biyu zai dawo da kuɗin har da godiya. Ma'aji ya duba, ya ga ba a riga an sayi hatsin ba, ya ɗauki rabin kuɗin taimakon ya ba shi. Damina ce. Albasar ta riga ta yi kwanaki a ƙarƙashin tamfol tana gumi. Kafin motar ta kai Faraku ruwa na ɗiga daga ƙasanta, ƙuda na bin ta.

Ma'aji bai ɓoye wa dattawa ba, wannan kam sai a faɗa. Da dare ya same su ya zayyana musu komai. Dattawa huɗu suka zauna da Fasto, wanda bai fi shekara ɗaya da zuwa ba, kuma duk cikinsu ba wanda bai haife shi ba. Abin da suka yanke shi ne a rufe maganar, a sayi hatsi da abin da ya rage, a raba iya inda ya kai, sauran a ce musu sai zagaye na biyu. Takardar sunayen kuwa daga gaba aka fara rubuta ta, kamar yadda ake zama. Inda hatsin ya ƙare, nan aka ja layi. Gwauraye suna ƙasan layin.

Ba na so mai karatu ya ɗauka mugaye ne. Na ji hujjarsu daga bakin ɗayansu, kuma hujja ce mai nauyi. Ya ce: «Mu 'yan tsiraru ne a garin nan. Kai ma ka san abin da ya faru a Damagaram da Yamai ranar 16 da 17 ga Janairun 2015, da aka bi majami'u ana cinna musu wuta. Akwai waɗanda 'yan'uwansu suka kwana a ɓoye a lokacin, suna nan cikinmu. Maƙwabtanmu na nan mutanen kirki ne, muna zaune lafiya da su, amma mutuncinmu shi ne katangarmu. In aka ji a kasuwa cewa dattijon Kirista ya taɓa kuɗin gwauraye, da wane ido za mu dubi mutane? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma bawan Allahn nan kuskure ya yi, ba sata ba. Mu tozarta shi da furfurarsa?» Wanda bai taɓa zama ɗan tsiraru a gari ba, ba zai san yadda wannan tsoro yake kama ƙirji ba. Ni na sani.

Aka yi rabo. Aka jira zagaye na biyu, bai zo ba.

A taron ikkilisiya na ƙarshen shekara, bayan magatakarda ya karanta rahoto, telan nan ya ɗaga hannu. Ya miƙe, ya haɗa hannuwansa a gaba, ya ce: «Iyayena, ku gafarce ni, yaro ne ni. Amma bakina ne ya faɗa wa iyayenmu mata adadin kuɗin nan da Hausa. Yanzu in na bi ta ƙofar gidajensu, ni suke tambaya. Na lissafa buhunan da aka raba da farashin kasuwa, bai wuce rabin kuɗin ba. Ba na zargin kowa. Ina roƙo ne a gaya mini abin da zan gaya musu.»

Babban dattijo ya ce: «Zauna, ɗana.»

«Baba, zan zauna. Amma me zan ce musu?»

«Ka ce musu zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Wannan ɗakin Allah ne, ba kotu ba. Duk mai son tada zaune tsaye a nan, ba da mu yake faɗa ba.»

Yaron ya sake buɗe baki, aka tashi waƙa aka rufe muryarsa. Kafin mako ya zagayo an rubuta a littafin majalisar dattawa cewa an dakatar da shi daga aikin tafinta da cin jibin Ubangiji har wata uku, saboda neman raba kan ikkilisiya. Dattawa huɗu suka sa hannu. Aka karanta hukuncin ranar Lahadi a gaban kowa, yana zaune. Bai ce uffan ba. Bayan kwana biyu ya naɗe keken ɗinkinsa a buhu, ya shiga kwale-kwale ya koma Gaya wajen kawunsa.

Daga nan majami'ar ta yi tsit. Ba a sake jin tambaya a taro ba. Wanda aka sa ya riƙa fassara Hausarsa ta kasuwa ce, yana iya faɗin farashi amma ba ya iya ɗaukar wa'azi, sai na baya suka koma zama kawai suna kallon bakin Fasto. Sannu a hankali benci ya fara nuna katakonsa: yau wannan ba ta zo ba, gobe waccan ta ce ƙafa ke damunta. Ranar Kirsimeti aka yi wa'azi a kan salama a duniya, aka yi ado, aka ci shinkafa. Na ji da kunnena wani dattijo yana ce wa ɗan'uwansa a bakin ƙofa: «Ka ga tun da yaron nan ya tafi muka sami lafiya.» Ni ma ina wurin duk tsawon watannin nan. Na miƙa wa ma'aji hannu, na miƙa wa gwaurayen hannu, na ce musu salamar Ubangiji, alhali na san abin da ke tsakaninsu. Na gaya wa kaina cewa ni baƙo ne, baƙo kuwa ba ya gyara shimfiɗar masu gida. Har yau abin yana ci mini rai.

Wata ranar kasuwa ina zaune a rumfar wani Alhaji, dillalin hatsi da muka daɗe muna hulɗa, sai ya sunkuyo ya rage murya ya ce: «Malam, wai me ya sami kuɗin gwaurayenku?» Gabana ya faɗi. Na ce wa ya gaya masa? Ya ce: «Haba, a Malanbil? 'Yan kwale-kwalen da aka biya suna da baki, direban da ya zubar da albasar a hanya yana da baki. Biyu daga cikin matan nan ni nake ba su tiyar masara bashi tun kaka. Ban tambaye su ba, ba su faɗa mini ba. Abin da ya ba mu mamaki ba ɓatan kuɗin ba ne, kowa asara na iya samunsa. Yaron da aka kora ne.» Ashe asirin da aka sayar da yaro don a rufe shi, kasuwa ta daɗe da sani. Waɗanda aka ɓoye wa su ne masu haƙƙin kaɗai, su ma ɗin sun sani, kunya ce ta hana su magana.

A bencin ƙarshe, kusa da taga, akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Mutuniyar wajen Galmi ce, aure ya kawo ta, mijin ya rasu ta zauna. Sana'arta tsince albasa a rumfunan kasuwa: a zazzage buhu a gabanta, ta ware mai kyau, ta ware mai tabo, a biya ta da yamma. Sunanta yana ƙasan layin. Ba ta taɓa fashin sujada ba, ba ta kuma taɓa cewa komai ba.

Kafin Ista aka yi Lahadin zumuntar mata, ranar da mata ke riƙe sujada tun daga farko har ƙarshe. Lokacin sabuwar albasa ne, duk garin ƙamshinta yake yi. Da aka zo wajen ba da shaida, Inna ta dafa benci ta miƙe, ta taka a hankali har gaba. Wata 'yar makaranta ta tsaya gefenta don ta mayar wa na gaba da Faransanci. Ranar ce kaɗai na ga fassara ta bi ta wannan hanya a majami'ar nan.

Ta ce: «'Ya'yana, ni ban yi boko ba, ban iya karanta Littafi ba. Albasa na sani. Ita zan ba ku labari, in kun ga babu shaida a ciki ku yafe wa tsohuwa.

«Ina yarinya a garinmu, akwai wani maigida da muke yi wa aiki. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin ma'aikaci. Wata shekara ya fitar da albasa daga rudu, muka cika buhuna, muka ɗora musu hula, aka kawo basilla aka ɗinke. Mai saye ya zo daga nesa, yana tsaye da kuɗinsa, mota tana jira. Akwai wani yaro cikinmu mai hanci. Ya zagaya buhunan, ya tsaya a kan ɗaya, ya durƙusa ya shinshina gindinsa, ya ce: Baba, akwai ruɓaɓɓiya a nan ƙasa. Maigida ya san gaskiya ne, don shi ma ya ji. Amma ya dubi ɗinkin, ya yi kyau. Ya dubi baƙon, ya ji kunya. In an farke buhun nan sai an zazzage shi duka a ƙasa a gaban mutane, a yi ƙura, a yi wari, mota ta yi latti. Sai ya daka wa yaron tsawa ya ce ya fita masa daga rumfa, yana ɓata masa ciniki. Yaro ya fita. Rumfa ta yi shiru. Aka loda kaya, aka yi sallama da fara'a.»

Ta tsaya ta jira yarinyar ta gama fassara.

«Ku da kuke garin nan kun san albasa. Ba ta ruɓa ita kaɗai. Ruwanta take ba ta kusa da ita, ta kusa ta ba ta kusa. Kuma daga ciki take yi, na waje ba ya gani, buhu yana nan tsaye da hularsa kamar sarki. Kafin motar ta isa inda za ta, buhun nan ya zama ruwa, ya jiƙa na ƙarƙashinsa. Mai sayen bai yi faɗa ba. Bai dai sake dawowa ba, shi ke nan.»

Majami'a ta yi tsit, har kana jin ƙarar babura a titi. Na saci kallon ma'aji, kansa yana ƙasa. Na zaci nan za ta tsaya, kuma da ta tsaya nan da ta yanka shi ne kawai ta bar shi. Amma ta ci gaba.

«Abin da ya fi ba ni tausayi ba buhun ba ne. Ita albasar ta gindi ce. Shekara arba'in ina wannan aiki, na san wadda ta fara taɓuwa ba a yar da ita. A ciro ta, a ɓare ɓawon da ya lalace, ɗaya ko biyu, a shanya ta ta sha iska. Cikinta fari ne tas. Ita muke kai wa gida mu yi miya, kuma ba a bambanta ta da sauran a tukunya. Da maigidan nan ya farke buhu a ranar, da ita ma ta tsira. Ɗinkin da aka yi don a rufa mata asiri, shi ya kashe ta.

«Shaidata ke nan. Na gode wa Allah da ya raya ni na ga sabuwar albasa. Yaron nan mai hanci kuwa, kullum ina tunaninsa.»

Ta koma wurinta. Ba wanda ya ce amin. Shugabar mata ta daɗe tsaye da takarda a hannu kafin ta tuna abin da ke biye.

Da yammacin ranar na je gaida Fasto, na tarar da shi zaune a tsakar gida bai ko cire rigar sujada ba. Ya ce mini: «Yaya, abin da Inna ta faɗa yau, an koya mini shi a makarantar Littafi Mai Tsarki, na ci jarrabawa a kansa.» Ya bayyana mini cewa kalmar Ibrananci da muke fassarawa da salama, wato shalom, 'yar'uwar salamar Larabci ce da muka ara, kuma asalin ma'anarta cika ce, abu ya zama babu giɓi a jikinsa. Daga saiwar kalmar ne kuma Attaura ta ciro kalmar da take amfani da ita idan mutum zai biya diyyar abin da ya ɓata wa maƙwabcinsa. Wato a harshen da aka fara rubuta maganar, salama da biyan bashi 'yan ɗaki ɗaya ne. Ya ce shi ya sa Zakka mai karɓar haraji na Yariko, da Yesu ya sauka a gidansa, bai tsaya ga nadamar baki ba sai da ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu. Shi ya sa kuma Almasihu ya umarci mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon tukuna ya je su shirya. «Duk na san wannan,» in ji shi. «Tsoron furfura ne ya kama ni. Na ce in na yi magana ikkilisiya za ta tsage. Ga shi na yi shiru, ta zube ta baya ina kallo.»

Lahadin da ta biyo ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Labarin ikkilisiyar farko ne a Urushalima, inda masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su kira masu ƙorafin 'yan tada fitina ba. Sun tara jama'a duka, suka ce a zaɓi mutum bakwai a danƙa musu aikin, kuma bakwai ɗin da aka zaɓa, har da Istifanas, duk sunayen Helenawa gare su, wato ga alama daga ɓangaren da aka yi wa rashin adalci aka ɗebo su. Fasto bai ambaci kowa ba, bai nuna kowa da yatsa ba. Ya karanta, ya yi bayani, ya rufe Littafi. Kafin a tashi waƙa ma'aji ya miƙe.

Ba zan iya kawo duk abin da ya faɗa ba, domin rabinsa kuka ne. Ya faɗi adadin da ya ɗauka, ya faɗi wanda ya ba, ya juya ya fuskanci bencin baya ya durƙusa da gwiwoyinsa biyu. Abin da ya biyo baya ba mai daɗin gani ba ne. Taron da aka yi bayan sujada ya kai la'asar. An yi ihu har masu wucewa suna tsayawa. Wata gwauruwa ta faɗi yadda ta sayar da tukwanenta, ta faɗa da zafi, ba wanda ya iya tsayar da ita. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce an ci mutuncinsu a gaban yara, ya kwashi iyalinsa ya fita, kuma har yau a wata majami'ar yake sujada. Duk abin da aka ji tsoro ya faru: an yi ƙura, an yi wari. Amma da aka zo gaisuwar rufewa, Inna ta taka har inda ma'aji yake, ta kama hannunsa da hannuwanta biyu ta ce: «Salamar Ubangiji, ɗana.» Na yi shekaru ina jin kalmar nan a ɗakin nan. Ranar ce na ji ta da nauyinta.

Ƙasar Benin kanta ta san wannan hanya. A Fabrairun 1990, lokacin da baitulmali ya bushe, ma'aikata suka yi watanni ba albashi, an tara wakilan ƙasa a Kwatano daga ranar 19 zuwa 28 ga wata, kuma limamin Kirista ne, Bishop Isidore de Souza, ya shugabanci zaman. Bai ce wa mutane su yi shiru don a zauna lafiya ba. Ya bar su suka amayar da abin da ke cikinsu game da mulkin Mathieu Kérékou, ya riƙe taron kada ya watse, har shi Kérékou ya karɓi abin da aka yanke, ƙasar ta sauya tsarin mulki ba tare da yaƙi ba. Dattawan majami'ar nan duk sun isa tuna wannan, wasunsu a rediyo suka bi shi kai tsaye.

Ma'aji ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da shinkafar da ya noma a fadamar bakin kogi, ya biya kuɗin kashi uku. Ya sauka daga muƙaminsa da kansa, amma yana nan a bencinsa, ba wanda ya taɓa goranta masa. Yanzu duk ƙarshen wata ana karanta littafin kuɗi da Faransanci da Hausa. Cikin masu rabon taimako akwai gwauraye biyu da ɗan dako ɗaya. Bencin baya ya fara cika. Alhaji dillali da na ba shi labari ya daɗe yana gyaɗa kai, sa'an nan ya ce a gaida masa dattijon, namiji ne.

Saura abu ɗaya.

Hukuncin da aka rubuta a kan telan yana nan a littafin majalisa, ba a soke shi ba. Idan na tayar da maganar sai a ce mini ai wata ukun sun daɗe da wucewa, ai ya ji labarin an gyara, ƙofa a buɗe take, duk ranar da ya ga dama ya dawo. Wani ma ya ce mini kada a tono abin da ya riga ya kwanta, yanzu da aka samu lafiya.

Na haye Gaya na neme shi. Na same shi a wata 'yar rumfa yana ɗinka kayan makaranta. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aiki yaro ya sayo mini ruwan sanyi. Inna ya fara tambaya, ko ƙafarta ta yi sauƙi, sa'an nan ya bi gwaurayen ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ko kowace ta sami rabonta. Da na ce sun samu, ya rufe fuskarsa da hannu ya daɗe. Na tambaye shi inda yake sujada yanzu, ya ce yana karatu a ɗaki. Na ce to ya dawo mana. Ya ce: «Baba, ba fushi nake ba. Amma a gaban jama'a aka karanta cewa ni mai raba kan ikkilisiya ne. In na shigo na zauna haka kawai, yaran da ke tasowa me za su koya? Za su ga an yafe wa wanda ya ɗauki kuɗi, sun kuma ga abin da ya sami wanda ya yi tambaya.»

Ban sami abin ce masa ba.

Dattawa huɗu ne suka sa hannu a takardar. Uku suna nan a majami'ar, lafiyarsu ƙalau, kuma kowannensu yana aika kaya hayin Gaya ta ruwa. Iyayena, ko da gada a rufe take, kogi bai rufe ba. Rumfar yaron ba ta da nisa da inda kwale-kwale ke sauke mutane, kuma jirgin farko yana tashi da an idar da sallar asuba.